Awarar Inna da Shinkafar Chana ta Cikin Roba

Naira 4,500 na biya, kuma har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Wata Asabar ce a zangon farko na shekarata ta biyu a jami'a. Ɗaya daga cikin 'yan ɗakinmu ta ƙara shekara, ta ce ita bana ba zoɓo ba cincin, abincin Chana za mu je mu ci. Muka ci kwalliya mu huɗu, muka shiga mota daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi, muka sauka a wani gidan abinci mai ƙofar gilashi. Ni dai ban taɓa cin abincin Chana ba, amma da aka tambaye ni sai na gyaɗa kai kamar da shi aka yaye ni. Wuri ya cika, don haka aka zuba mana a robar tekawe, muka koma kan wani benci a waje. Shinkafa ce mai launin ƙasa-ƙasa, da karas da koren tattasai da ɓarɓashin ƙwai, sai kaza da aka yanka ƙanana aka soya da fulawa, aka lulluɓe ta da wata jar miya mai sheƙi da danƙo. Na kai loma ɗaya, na ji zaƙi kamar an narka alawa a kan nama. Na saci kallon ƙawayena, kowacce tana lumshe ido. Ni ma na lumshe. Muka ɗauki hotuna, na ɗora nawa a WhatsApp, na rubuta wani abu da Turanci a ƙasa wanda kunya ba za ta bar ni in maimaita shi a nan ba.

Kuɗin nan da na biya, kuɗin awara ne. Awara casa'in ke nan a kan hamsin-hamsin, ba a ma cire kuɗin wake da mai da itace ba.

Gidanmu yana Gwandu, ba nisa da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Baba manomi ne, gero da dawa da damina, ɗan albasa da rani. Abin da ya noma shi ke riƙe da tukunyar tuwo, amma littafi da rigar makaranta da kuɗin WAEC da na JAMB, duk daga kaskon Inna suka fito. Tun da dare take jiƙa waken suya. Da asuba a wanke, ƙanena ya kai markaɗe, a ɗiga ɗan manja don kumfa ta kwanta, a tace da ƙyalle, a ɗora ruwan a babbar tukunya. In ya tafasa sai ta riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, ba gaggawa, har farin ruwan ya tsinke ya dunƙule kamar nono ya yi barci. Ta kwashe, ta sa gishiri da attarugu da albasa, ta ƙulle a ƙyalle, ta ɗora masa dutse. In ruwa ya tsane a yanka, a soya. Dusar kuma rabon tumaki ce. Tun ina aji uku na firamare ni ke ɗaukar farin bokiti zuwa bakin hanya bayan an taso, har na shiga sakandare, inda wasu 'yan ajinmu suka raɗa mini suna 'Yar Awara. Sunan ya bi ni shekara shida.

Da na samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, na sauka Kalgo da akwatina, sai na yi niyyar barin wannan suna a tasha. In aka tambaye ni sana'ar mahaifiyata sai in ce tana taɓa kasuwanci, in yi sauri in sako wata hira. Akwai mata masu suyar awara a hanyarmu ta zuwa makaranta, ƙamshin yana kira na kullum yamma, amma in ina tare da ƙawaye ko kallon kaskon ba na yi. A raina na riga na jera abinci hawa-hawa: na cikin roba mai sunan waje a sama, na cikin farin bokiti a can ƙasa. Na san a cikinku akwai masu irin wannan jerin a zuciya, shi ya sa ma nake ba da labarin.

Da Babbar Salla na koma gida, na tarar Kawu ya zo. Ƙanen Inna ne, yana fataucin kayan waya da fitilu masu aiki da hasken rana, ya je Guangzhou sau da dama sayayya. Bayan an gama gaisawa, muna zaune a tsakar gida, sai na ga dama ta samu. Na buɗe waya na miƙa masa da hannu biyu.

"Kawu, kun ga mu ma mun ci irin abincinku na can."

Ya kanne ido ya duba, ya faɗaɗa hoton da yatsu, sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Ɗiyata, wa yac ce maki wanga abincin Chana na?"

Na ce haka aka rubuta a takardar gidan abincin. Ya ce to shi dai duk zuwan da ya yi bai taɓa ganin an ajiye wa ɗan ƙasa irin wannan a gabansa ba. Ya waiga, ya nuna ƙullin ƙyallen da ke ƙarƙashin dutse a gindin murhu, ruwa yana ɗiga daga jikinsa. Ya ce in abincin Chana nake nema ga shi can, uwata tana yin sa kowace safiya. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta gyaran kayan ciki.

Na ɗauka zolaya ce irin ta kawu da 'yar ƙanwa, sai da ya gyara zama. Ya ce a can sunanta doufu, kuma ba abincin ƙwalama ba ce, cimar gida ce ta yau da kullum. Akwai mai taushi kamar kindirmo da ake sha da cokali, akwai mai ƙarfi da ake yankawa a miya, akwai busasshiya, akwai wadda ake bari ta ruɓa da gangan, warinta yana tare hanya kamar ana dakan daddawa, mutane kuma suna layi a kanta. Da safe za ka ga ma'aikata sun tsaya sun sayi ruwan waken suya mai zafi, wato wannan farin ruwan da Inna ke tacewa kafin ta sa tsami, suna sha da wani dogon soyayyen ƙulli mai kama da fanke. Shinkafa kuwa fara suke dafawa, ba gishiri ba mai, kowa da ɗan kwanonsa. Sai a jera abin haɗi a tsakiya kowa ya riƙa miƙa tsinkensa: ganye da aka ɗan juya a wuta da tafarnuwa yana nan kore shar, kifi da aka turara ɗungurungum da kansa da jelarsa, kaza da ƙashinta, romo ruwa-ruwa. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki yawan ganyen da suke ci. Soyayyar shinkafa kuwa, a gidajensu dabara ce ta kada a zubar da wadda ta kwana: a fasa mata ƙwai, a watsa lawashi, a juya a kasko. Ɗumame ke nan. Ni na ba da kuɗin awara casa'in na sayi ɗumame.

Ya kuma faɗi abin da bai taɓa zuwa raina ba a kan bencin nan. Naman da aka fi ci a ƙasar Sin na alade ne, kuma masu girki da yawa suna ɗiga giyar shinkafa a miya don kashe ƙarni. Saboda haka ɗan kasuwarmu ba ya faɗawa kowace rumfa. Yana neman alamar wasu haruffa biyu da ake karantawa qingzhen, wato halal, sau da yawa a kan koren allo, wani lokaci da rubutun Larabci a gefe. Masu irin waɗannan wurare Musulmi ne 'yan ƙasa. Cikin ƙabilu 56 da hukumar ƙasar ta lissafa, goma galibinsu Musulmi ne, 'yan ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan goma. Abin da ya fi ci a hannunsu shi ne taliyar birnin Lanzhou: a gabanka mutum zai ɗauki curin ƙullin alkama, ya ja, ya ninka, ya sake ja, har ya zama zare-zare, ya jefa a tafasasshen ruwa, a zuba maka a romon naman sa da ɗan man barkono. Mutanen Xinjiang kuma suna gasa naman rago a tsinke kan garwashi. Kawu ya ce ranar da ya fara jin ƙamshin a wani lungu sai da ya tsaya ya waiga, yana zaton mai tsiren bakin tasha ne ya biyo shi. Ƙuli-ƙuli ne kawai babu.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Kaza ce ni, na kwana kan dami da yunwa. Amma fushina ya fi karkata ga robar: na ce ashe jabu aka sayar mini. Abin dariya ma, a kasuwarmu in aka ce kaya ɗan Chana ne ana nufin kwaikwayo ne, ba na asali ba. Ga shi yau abin Chana ne aka yi wa ɗan Chana.

Da na koma makaranta sai na shiga bincike, a waya da ɗakin karatu, ina neman hujjar da zan ƙure 'yan ɗakinmu da ita. Abin da na tarar ya rage mini baki.

Wannan salon girki na jar miya mai zaƙi da soyayyen nama marar ƙashi yana da tarihi, kuma tarihin 'yan ci-rani ne. Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, samari daga kudancin Sin, mafi yawansu daga wasu 'yan gundumomi na lardin Guangdong irin su Taishan, suka riƙa tsallaka teku zuwa Amurka neman kuɗi. Su suka fasa duwatsu a ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta, wanda aka kammala a 1869. Da aiki ya ƙare sai ido ya dawo kansu, ana cewa sun zo ƙwace wa 'yan ƙasa abinci. A 1882 aka kafa dokar da ta hana leburorin Sinawa shiga Amurka, ba a soke ta ba sai 1943. Waɗanda ke ciki aka ture su daga yawancin sana'o'i, abin da ya rage musu wanki da guga ne da dafa abinci. A 1915 wata kotu ta sa masu gidajen abinci cikin jerin 'yan kasuwar da dokar ta ɗaga wa ƙafa, sai buɗe gidan abinci ya zama ƙofar da mutum zai bi ya shigo da ɗan'uwansa.

Ku auna halin da suke ciki. Yawancinsu ba kuku ba ne, manoma ne da leburori da suka baro matansu a gida. Ganyayen da suka sani babu su a kasuwa. Mai saye kuma Bature ne da ba ya son ganin kan kifi a faranti, ba ya son tsotsar ƙashi, ba ya son ɗaci, yana son zaƙi da abin da aka soya ya yi ƙus-ƙus. In ka dafa abin da kakarka ke dafawa, ka kwana da kayanka. Sai suka bi harshen mai kuɗi. Haka aka samu abincin da ya yi suna da chop suey, sunan da a harshensu yake nufin tarkace iri-iri, nama da ganyen da aka samu a haɗa a kasko. Su kuwa in an rufe shago sai su koma baya su dafa nasu na gida su ci.

Labarin da ya fi burge ni na wata kaza ce da ake kira kazar Janar Tso, wadda kusan kowane gidan abincin Sinawa a Amurka yake sayarwa, kuma ita ce kakar wadda na ci a roba. Janar ɗin mutum ne na gaske, Zuo Zongtang, ɗan lardin Hunan, ya rasu a 1885 bai taɓa ɗanɗana ta ba. Wani kuku ɗan lardinsu mai suna Peng Chang-kuei, wanda ya yi hijira zuwa Taiwan a 1949, shi ya ƙirƙiro ta a can ya sa mata sunan janar. Tasa ta farko yaji ce da tsami da gishiri, yadda mutanen Hunan ke so. Sai da ta isa New York, inda ya buɗe gidan abinci a 1973, aka ɗura mata sukari. Mutanen Hunan da aka yi abin da sunansu, da labari suka san ta. Akwai kuma wani ɗan lanƙwasasshen biskit mai 'yar takarda a ciki da ake ba mutum bayan ya gama ci, a rubuce an yi masa albishir kamar na 'yan duba. Amurkawa da yawa sun ɗauka al'adar Sin ce. Asalinsa na Japan ne, Japanawan Kalifoniya ke yin sa, sai da gwamnatin Amurka ta kwashe su ta tsare a sansanoni a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu sannan sana'ar ta koma hannun Sinawa. Irin wannan ruɗanin muna da namu: yara nawa ne a ajinku za su rantse Indomie ta Chana ce? Ta Indunusiya ce, a nan Nijeriya ake yin wadda muke ci, dabarar taliya mai saurin dahuwa kuma a Japan Momofuku Ando ya fito da ita a 1958.

Na Ingila ne ya taɓa ni sosai, don ya yi kama da gida. Yawancin waɗanda suka buɗe shagunan tekawe a can a shekarun 1950 da 1960 'yan ƙauyukan Hong Kong ne, manoman shinkafa. Shinkafa mai araha daga Tailan ta cika musu kasuwa, noma ya daina biya, suka bar gonaki suka hau jirgi. Duk ɗan Kebbi da ya taɓa jin manoman fadamar Argungu ko Suru suna kuka da 'yar waje ya san wannan ciwon, ba sai an fassara masa ba. Da suka isa, da yawa shagunan soya kifi da dankali suka saya daga Turawa, suka ci gaba da sayar da dankalin, suka ƙara shinkafa da taliya a gefe. Shi ya sa har gobe a Ingila za a ba ka soyayyen dankalin Turawa da miyar kori a ce maka abincin Sinawa ne. Iyali duka ke aiki, yara suna rubuta aikin gida a kan kanta suna karɓar kuɗi har tsakar dare. Da na karanta wannan sai na ga farin bokitina.

Daga nan kalmar jabu ta fara yi mini nauyi a baki. Jabu shi ne abin da aka yi don a cuce ka. Wannan kuwa abu ne da mutane suka yi don su rayu a garin da ba a son su, kuma da shi suka biya wa 'ya'yansu makaranta. Abin da ya iso robata a Birnin Kebbi jika ne ko tattaɓa-kunne: daga Guangdong zuwa Amurka da Ingila, daga can zuwa otal-otal na Legas da Abuja, kowane zango a rage wani abu a ƙara wani, har ya zo hannun wani ɗan'uwanmu da ya koya a waya ya ƙara magi da attarugu.

Amma ban yarda a ce duk ɗaya ne ba, kuma a nan muka sha musu da mai ƙarin shekarar nan. Ita ta ce tunda da daɗi, ina ruwanta da asali. Ni na ce ci ba laifi, laifin shi ne ka ci roba ɗaya ka ɗauka ka san mutum biliyan 1.4. Ƙasar da arewacinta alkama ce cimarsu, taliya da burodin da ake turarawa, kudancinta kuma shinkafa. Mutanen Sichuan suna da wani ɗan ƙwaya da ke sa leɓe ya yi zir-zir kamar an ɗana masa batir, su haɗa shi da barkono. Mutanen Guangdong kuma suna ganin in ka cika yaji ka ɓoye ɗanɗanon kifi ne don ba sabo ba ne. Su da kansu sukan lissafa manyan salon girki takwas, kuma takwas ɗin ba su haɗa da na Musulmin arewa maso yamma da Kawu ya rayu a kansa ba. A tattara duk wannan a ce jar miya ce mai zaƙi, an yi musu ƙwange.

Mu ma ai ana yi mana. A wurinmu suya aikin mai ne da kasko. Naman da aka soke a tsinke aka shafa ƙuli aka kafa a gefen wuta tsire ne, ga balangu, ga kilishi, kowanne da sunansa da ma'abotansa. Ya sauka kudu aka haɗa su duka aka ce suya, ya ƙetara Landan ya koma gutsattsarin nama ko kaza a kwali. A Sudan sunansa agashe, kuna jin Hausar a ciki. A Gana akwai waakye, wato shinkafa da wakenmu, amma ana dafa shi da karan dafi ya yi ja, a ɗora masa taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yaji. A ajiye wa Inna shi a ce garau-garau ne, sai ta tambayi ina mai da yajin. Akwai kuma tuo zaafi, tuwo da zafi ke nan, da koko da ƙosai da har yau suke kira kokon Hausa. Fatake da 'yan ci-raninmu ne suka kai su, su ma suka bi harshen mai saye. Ina jin daɗi in na ji sunan ya yi nisa haka. Amma in wani ya ci naman kwali a Landan ya ce ya gama sanin abincin Hausawa, bai taɓa jin hoce ba, bai san tuwon dawa da miyar sure ba, bai sha furar da aka dama da nonon safe ba, zan ce masa ya zo Gwandu tukuna.

Sai kuma na juyo kan awarar kanta, na tarar ita ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Sinawa sun fi shekara dubu suna yin ta. Akwai rubutun da ya ambace ta tun ƙarni na 10, almararsu ma tana kai ta ga wani basarake mai suna Liu An da ya rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Su da wani farin dutse suke tsinka ruwan, jifsam, irin wanda ake sa wa siminti, ko kuma da ruwan ɗacin da ke saura in an dafa gishirin teku. Waken suya bai shigo Nijeriya ba sai farkon ƙarni na 20, kuma ya daɗe ana noma shi a ƙasar Tibi don sayarwa waje, ba don tukunya ba. A shekarun 1980, lokacin da nama da madara suka fara fin ƙarfin talaka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta duƙufa wajen koya wa mata sarrafa shi a gida, har da wani masani daga Japan da ya yi aiki a kan yadda za a tsinka ruwan da abin da ke hannun mutane. Dama akwai cukun nonon shanu da Fulani ke yi da ruwan tumfafiya, wanda Yarbawa ke kira wara. Kunne kaɗai ya isa ya ji dangantakar sunan. Na tambayi Inna, ta ce ita da ƙuruciyarta ba ta san awara ba, sai bayan aurenta ta koya wurin wata maƙwabciya, lokacin wasu suna ce mata ƙwai-da-ƙwai.

Wato abin da Sinawan Amurka suka yi wa girkin kakanninsu, shi matanmu suka yi wa doufu. Ba jifsam, sai ruwan tsamin koko ko tsamiya. Ba mai son ta fara fat, sai a cusa attarugu da albasa a soya ta yi ja. Yaran makaranta suna son yaji, a barbaɗa. Masu ɗan hali suna so a tsoma a ƙwai a yanka kabeji, a yi musu. Basine zai gane ta, amma zai ce ba haka ake yi ba. Kawu ya ɗan yi ƙari da ya ce abincin Chana ce tsantsa. Ta Inna ce, kakarta ce 'yar Sin.

Da hutu ya ƙare na roƙi Inna ta soya mini ta dubu biyu. Ta dube ni, don ta san shekara biyu ban taɓa tafiya da ita ba, amma ba ta ce komai ba, ta ƙara mini da ƙullin yaji. A ɗaki na buɗe kular a tsakiya, na ce musu wannan sana'ar mahaifiyata ce, da ita aka biya mini kuɗin rajista, da ita na sayi shinkafar ran nan. Muryata ta ɗan yi rawa, ban so ba. Biyu suka kai hannu kafin in rufe baki. Ta ukun ta yi shiru, ta ce ita ba ta cin awara, tana sa mata ƙaiƙayin maƙogwaro. Wataƙila gaskiya ne. Bayan kwana biyu, muna wanki, ɗaya daga cikin biyun ta ce mini a hankali ita ma mamarta ƙosai take soyawa a Yauri.

A hutun da ya wuce na gwada wata gwaninta. Na karanta yadda mutanen Chengdu ke dafa doufu mai taushi a miyar barkono da niƙaƙƙen nama da daddawarsu ta waken suya, abin da suke kira mapo doufu. Na roƙi Inna ta ɗebar mini kafin ta ɗora dutse. Na soya citta da tafarnuwa da barkono, na sa daddawarmu ta kalwa da ɗan nama, na zuba farar awarar a ciki ta yi ta lilo a miya, na dafa farar shinkafa ba gishiri. Baba ya ci loma uku ya ce Allah ya yi albarka, ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya. Ƙanena ya leƙa kwano ya ce an manta ba a soya ba. Inna ta ɗanɗana, ta juya a baki, ta ce miyar ta yi, amma wa zai ba da hamsin ɗinsa a kan wannan?

Da safe na tarar ta tsame ragowar daga miyar, ta matse a ƙyalle, ta ɗora dutse. Da hantsi ta yanka ta jefa a mai tare da sauran. Ƙanwata ta ɗauki farin bokiti ta fita, kafin la'asar ta dawo da shi wayam, tana cewa wasu yara suna tambaya ko gobe ma za a yi mai cittar nan.